Ɓeran da ke noman dutse a Habasha

Malama Hadiza, Gusau
Assalamu alaikum jama'ar zaure, da fatan an wuni lafiya. Jiya ina koyar da 'yan aji biyar yadda kowace dabba ke dacewa da wurin zamanta, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, akwai ɓera a kan manyan duwatsu inda sanyi ke daskarar da ruwa?" Na ce akwai, na ba ta misali guda a gurguje, aka kaɗa ƙararrawa. Da daddare na koma na sake karanta labarinsa, kuma tun jiya yake raina, shi ya sa na kawo shi nan.

Sunansa a wurin masana Tachyoryctes macrocephalus, wato mai saurin tono mai ƙaton kai. Duk faɗin duniya ba a samunsa sai a duwatsun Bale da ke kudu maso gabashin Habasha, daga tsayin mita 3,000 zuwa sama da 4,000. Don a gane tsayin, Gusau ba ta kai mita 500 ba, Jos tana wajen 1,200, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya kuwa, Chappal Waddi na Taraba, mita 2,419 ne. Inda namu ya ƙare, shi gidansa bai ma fara ba. Babbansu yana kusan kai kilo guda. Idanunsa a saman kai suke, ba a gefe ba. Wani Bajamushe mai suna Eduard Rüppell ne ya fara rubuta bayaninsa a 1842, yanzu kuma yana cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu.

Ina so in san ko muna da mai kama da shi a duwatsunmu. Injiniya Kabiru, na san ka taɓa zuwa Habasha, ko ka kai wajen?

Alhaji Mamman, Bakura
Wa alaikumus salam Malama. Wanga ai burgu na. Duk abin da kinka hwaɗi, girma da tono da haƙora, mun san shi sarai. Bara shi da kurege sunka raba man gyaɗa, kunya ukku ban ɗau komi ba. In nasu na ƙarewa, su zo su kwashi namu.

Shafa'atu, Tsafe
Ni kuma da na ji an ce dutse sai rema ta faɗo mini. Muna yara muna ganinsu da safe sun jeru a kan fa suna shan hantsi. Ba ita ba ce, Malama?

Malama Hadiza, Gusau
Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma ba burgu ba ne, ko da yake dukansu masu gwaguya ne. Burgu da gafiya suna da dogon bindi mai farin ƙarshe, da manyan kunnuwa, da kumatun da suke cusa abinci, kuma da dare suke fita su yi nisa da rami. Wannan bindinsa gajere ne, kunnuwan da ƙyar ake ganinsu, ba ya yawon dare, kuma ba ya barin bakin raminsa.

Shafa'atu, rema ma ba ita ba ce. Rema ba ta tono, tsaguwar dutse take shiga. Ba ma dangin ɓera ba ce sam, masana sun ce ta fi kusa da giwa a kan kusu. Ɗalibaina ba su yarda da wannan ba sai da na nuna musu hoton haƙoranta na sama masu kama da ƙaramin haure.

Injiniya Kabiru, Ƙauran Namoda
Malama, na kai, kuma na gan shi da idona. A 2018 wurin aikinmu suka tura mu bitar ruwan ƙasa a garin Robe da ke kusa da duwatsun Bale. Ranar da ba mu da zama sai muka haɗa kuɗi mu biyar muka ɗauki mota daga Goba zuwa saman dutsen, wani shimfiɗaɗɗen fili da suke kira Sanetti. Hanyar tana fara ratsa gonakin sha'ir da itatuwan turare, daga nan itatuwa su riƙa gajarta, can sai ka duba ka ga babu itace ko ɗaya, sai wasu tsirrai tsaye jefi-jefi kamar ƙananan goriba. Titin da kansa ya haura mita 4,000, ƙololuwar da ke gefe kuma, Tullu Dimtu, mita 4,377. Na sauka daga mota na yi taku kamar ashirin sai na ji kamar na yi gudun fanfalaƙi, ƙirjina na bugawa. Ruwan da ya kwanta a gefen hanya akwai ƙanƙara a samansa, ga rana ta fito tarwai. Harmatan ɗinmu na Janairu wasa ne a kan wannan.

Abin da ya fara ba ni mamaki ƙasar ce. Ko'ina rami, kamar rariya. Ka taka nan ƙafarka ta nutse har idon sawu, ka matsa can ma haka. Wallahi da a gida ne sai in rantse an yi wa filin kaftu. Ɗan jagoranmu, wani saurayi Ba'orome, ya ce mu zauna a kan dutse mu yi shiru, kada mu buga ƙafa, domin suna jin motsi ta ƙasa.

Mun yi kamar minti goma sai ga ƙasa tana tasowa a gabanmu, bai fi taku shida ba. Sai kai ya ɓullo. Kai kaɗai, kamar an ajiye dunƙulen fura a bakin rami, launinsa ƙasa-ƙasa mai ɗan ja. A nan na gane amfanin idanun nan na saman kai: yana kallon sama da kewaye alhali jikinsa duka na ciki. Haƙoran gaba a waje suke, jajaye kamar na tsohon mai cin goro. Da ya natsu sai ya miƙo rabin jiki, gindinsa na cikin rami, ya datse ciyawa cike da baki, ya koma da baya cikin sauri. Ya sake fitowa, ya sake komawa. Bai ci a waje ba ko sau ɗaya, tarawa yake. Ɗan jagoran ya ce idan ya cinye abin da bakinsa ke iya kaiwa, toshe wannan ƙofar yake yi ya tona gaba ya buɗe wata, shi ya sa filin ya zama haka. In an haɗa duk zaman da yake yi a waje a wuni bai wuce awa guda ko kaɗan fiye ba.

Akwai wata 'yar tsuntsuwa da ke tsalle kusa da shi tana tsintar ƙwari a sabuwar ƙasar. Ta yi wani kuka ƙyat, kafin in ƙifta ido kan ya ɓace. Muka waiga, sai ga kyarkecin Habasha can nesa, ja wur, farin ƙirji, ya fi dila tsawon ƙafa da tsinin baki. Shi kaɗai yake tafe a hankali, ya tsaya cak, ya karkata kunne ƙasa, ya sake takawa. Ranar bai kama komai a gabanmu ba, amma wannan ɓeran shi ne babban abincinsa. Da la'asar da za mu sauko na lura yawancin ramukan an liƙe su da ƙasa daga ciki. Haka yake yi kullum kafin sanyin dare.

Ni da yake ruwa ne sana'ata, abin da ya tsaya mini shi ne, daga duwatsun nan ƙoramun da ke ciyar da kogin Wabe Shebelle da Genale ke tasowa, su gangara har Somaliya, miliyoyin mutane na sha. Ƙasar da ake juyawa kullum tana shan ruwa, ba ta barinsa ya gudu a sama. A ganina ɓeran nan noma dutsen yake yi.

Alhaji Mamman, Bakura
Injiniya, ka ba da labari kamar muna wurin, Allah shi yi albarka. Amma maganar noma ban yarda ba. Ka zo gonata ta rani ka ga noman da sunka yi man. Na tada gaɓar ruwa da kuɗina, gahiya ta huda ta daga ƙasa, dare guda ruwa ya bi ramin ya kwashe man fangali huɗu na albasa. Rami ga gona ɓanna na, ko Habasha ko Bakura. Su nawa aka samu ga eka guda can?

Malama Hadiza, Gusau
An ƙiyasta a wasu wurare suna kai 2,600 a murabba'in kilomita ɗaya, Alhaji. Wato kamar 26 a hekta guda.

Alhaji Mamman, Bakura
Inna lillahi. 26 ga hekta guda ai sai mutum ya bar noma.

Injiniya Kabiru, Ƙauran Namoda
Gaskiyarka Alhaji, a gaɓar ruwa rami masifa ne, na sha ganin madatsar ƙasa da ɓera ya zama sanadin fashewarta. Bambancin shi ne inda wannan yake babu gona. Sanyin dare ba ya barin hatsi ya yi a wannan tsayin. Ba shi ya shigo gonar kowa ba, gonaki da garkuna ne ke hawa suna matso shi. Akwai ɗan uwansa ƙarami a ƙasa-ƙasa, a Habasha da Kenya da Yuganda, wanda shi kam manoma na kuka da shi kamar yadda kake kuka, yana cin saiwar dankali da masara. Wancan ka tsine masa, ba zan hana ka ba.

Nura, Anka
Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ke raina. Tun ɗazu nake karantawa ina jin nauyi. Shekara uku ke nan ba mu taka gonarmu ta gado ba saboda 'yan bindiga. Ƙanwar mahaifiyata da 'ya'yanta shida suna ɗaki ɗaya a gidanmu. A wannan halin ne za mu zauna muna jimamin ɓera a ƙasar da yawancinmu ba za mu taɓa zuwa ba? Ba raina ilimi nake ba Malama, amma wanda gemunsa ke cin wuta ba ya hura ta wani.

Malama Hadiza, Gusau
Nura, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan bala'i, ya mayar da ku gonarku lafiya. A ajin da nake magana akwai yara bakwai da iyayensu suka gudo daga ƙauye, yarinyar da ta yi tambayar ma tana cikinsu. Ban ga dalilin da zan ce mata ta jira sai an samu zaman lafiya kafin ta so sanin duniya ba.

Sanusi, Kwatarkwashi
Salamu alaikum. Na karanta wa Baba duk abin da aka rubuta, na nuna masa hoton da Injiniya ya sa. Tsohon maharbi ne, ya haura 70, yanzu muna zaune da shi a Gusau tun da ƙauyenmu ya tashi. Ya ce in rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, to ga ta:

"A gaishe da Malama da Injiniya. Wagga dabba ban san ta ba, amma aikinta na san shi. Dauri, in kaka ta yi anka cire gyaɗa, mukan tahi gindin dutse da sassahe, ni da ƙanena da kare guda da dagi. Ba kowane rami aka tonawa ba. Sai ka duƙa ka duba baki. In ka ga yanar gizo ta ruhe shi, wuce, babu kowa ciki. In ka ga baki ya yi santsi, ga sabuwar ƙasa ga ɓawon gyaɗa, to gahiya na nan. Amma kada ka hwara tono tukuna, sai ka nemo ƙohwar gudu. Kullum tana da ita, can nesa ƙarƙashin sabara ko tsakanin duwatsu, ta bar ƙasa 'yar kaɗan a kai, da ta tura da kai ta hita. Nan ka aje yaro da sanda da kare. Sannan ka kunna busasshiyar ciyawa ga babban baki ka riƙa hurawa da hwaihwai.

Hannu ba ya shiga rami. Wanga ubangidana na hwarauta ya hwara koya man kahin komi, don ramin da gahiya ta bari kububuwa ka gadonai. Sanda aka turawa ta bi lanƙwasa, a tona a bi ta.

In ka kai ciki sai ka yi mamakin Allah. Ɗakin kwana daban da ganye shimhiɗe, rumbu daban, wurin kashi daban, ba ta haɗa su. Na taɓa ɗebe gyaɗa cike da ƙwarya ga rumbun guda, da ƙwallon goriba, da kwabo biyu da wani ɗan kunne na mace. In ta ga ba mahita sai ta cika kumatu ta ruga, shi na anka ce gahiya tsira da na bakinki.

Alhaji Mamman na da gaskiya, tana ɓanna. Amma a ce mai, inda duk munka tona tsohon rami, baɗi ciyawar wurin ta hi ta kewaye duhu. Na gani ba sau guda ba. Kuma mai tono ba ya tona wa kainai kaɗai. Ramin dabgi, gadu na shiga, beguwa na shiga, kura na haihuwa ciki. Shekarun da dabgi ya ƙare muna, su ma sunka ja baya. Mu da damana ba mu tona gahiya, don tana da ɗiya, wanda duk anka kama ya yi haka manya na yi mai hwaɗa.

Yaron da ya yi maganar gona, a ce mai ina tare da shi, nima tawa na can. Amma jikokina ukku da anka haihwa nan Gusau ba su taɓa ganin rema ba, ga dutsenmu ana hango shi daga bisa titi. In na mutu, wa za ya gaya musu yanar gizo ga bakin rami mi taka nuhi?"

Iyakar abin da ya ce ke nan.

Malama Hadiza, Gusau
Sanusi, ka gaishe mini da Baba, ka ce masa 'yarsa ta gode. Na karanta sau uku. Abin da ya faɗa a kan ramin dabgi shi ne ainihin abin da masu bincike suka tarar a Bale: ƙananan ɓerayen ciyawa na wurin suna fakewa a tsofaffin ramukan da babban ya bari, su kuma mikiya da shaho da kyarkeci suna rayuwa a kansu duka. Shi ma raminsa akwai wurin kwana da wurin ajiya da wurin kashi, sai dai kowane ɗaya shi kaɗai yake zama a nasa. Baba bai shiga aji ba, amma ya ba ni darasin mako mai zuwa.

Dalilin fargabar ƙarewarsa kuwa, gaba ɗaya ƙasar da yake zaune ba ta kai murabba'in kilomita 1,000 ba, a kan dutse guda. In wurin ya lalace babu inda zai koma, sama ta ƙare, ƙasa kuma ba tasa ba ce. Ga shanu da tumaki na ƙaruwa suna cinye ciyawar. Hukumar UNESCO ta sa gandun dajin Bale cikin wuraren tarihi na duniya a 2023, amma mutane da dabbobinsu na nan a ciki.

Umaru, Bunguɗu
Malama, da girmamawa, na san za a zo nan. Duk maganar da aka fara a kan daji, a kan saniya take ƙarewa. Ni ɗan makiyaya ne, ina karatun likitan dabbobi, kuma na gaji da jin wannan tun daga gida har makaranta. Mutanen dutsen nan ba jiya suka fara kiwo a can ba. In shanu ne ke kashe ɓeran, me ya sa bai ƙare tun zamanin kakanninsu ba? Saniya tana cin saman ciyawa ta bar taki. Garma ce ke tumɓuke saiwa. A riƙa yi mana adalci.

Malama Hadiza, Gusau
Umaru ƙanena, ka yi gaskiya, na taƙaita maganar fiye da kima, ka yafe ni. Shi ɓeran ma ya fi son fili mai gajeriyar ciyawa, kuma akwai binciken da ya tarar da ramuka sun fi yawa a wasu wuraren da ake kiwo. Oromawan Bale suna da tsohon tsarin hawa da sauka da dabbobi gwargwadon lokacin shekara, suna ce masa godantu, kamar yadda naku ke tafiya kudu da rani su dawo da damina. Muddin ana tashi, ƙasa na hutawa. Abin da ya canza shi ne gonaki sun cinye makiyayar ƙasa, sai aka ture masu dabbobi sama, wasu suka kafa bukkoki suka zauna dindindin, garke kuma ya ninka. Ka ga wannan labarin ba baƙo ba ne a wurinmu, mun san yadda burtali da makiyaya suka shige gona.

Inda cutarwar ta fito fili kuwa karnuka ne. Kyarkecin nan duk duniya bai kai 500 ba, fiye da rabinsu a Bale. Ciwon haukan kare da ya fito daga karnukan gida ya kashe su da yawa a farkon shekarun 1990, ya sake dawowa a 2003.

Umaru, Bunguɗu
To yanzu mun fahimci juna Malama, kuma babu komai. Maganar karnuka na yarda da ita ɗari bisa ɗari, kuma maganinta allura ce, ba korar mutane ba. A can ma abin da ake yi ke nan, ana bi ƙauye-ƙauye ana yi wa karnuka rigakafi. Mu nan kare nawa ne a rugagenmu da na mafarauta aka taɓa yi wa? Duk wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa nan take, ya nufi asibiti ranar, kada ya jira alama. In alama ta fito an makara.

Injiniya Kabiru, Ƙauran Namoda
Maganar Umaru ta tuna mini wani abu da na karanta bayan na dawo. A 2019 masu tonon tarihi suka fitar da sakamakon aikinsu a wani kogon dutse a Bale mai suna Fincha Habera, a tsayin mita 3,469. Sun samu toka da kayan yanka na baƙin dutse mai ƙyalli, da tarin ƙasusuwan ɓeran nan a ƙone. Lissafinsu ya nuna mutane sun zauna a wurin tsakanin shekara 47,000 zuwa 31,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe ƙololuwar dutsen. Abin da ya riƙe su a wannan sanyin shi ne naman nan, domin ana samunsa rani da damina, ba ya ƙaura, kuma ba ya bukatar doguwar farauta. Da na karanta sai na tuna yadda na kasa taku ashirin, su kuwa a nan suke kwana su tashi.

Shafa'atu, Tsafe
To wai ya halatta a ci irinsa? Malam Abdulƙadir na gani kana nan, Allah ya gafarta Malam.

Malam Abdulƙadir, Talatar Mafara
Amin, Allah ya gafarta mana baki ɗaya. Ina biye da ku tun farko, kuma na ƙaru. A Mukhtasar na Shaihu Khalil, a babin abin da ya halatta a ci, an ambaci namun dajin da ba sa farautar wasu, aka kawo misalai: yarbu'u, wato ɓeran hamada mai tsalle, da khuldu, da wabaru, da zomo, da bushiya, da beguwa. Wabaru shi ne remar da kika ambata, Shafa'atu. Khuldu kuwa masu sharhi sun fassara shi da makahon ɓera mai zama a ƙarƙashin ƙasa wanda ba ya kaiwa ga najasa, suka bambanta shi da ɓeran gida mai yawo a ƙazanta, wanda suka karhanta. Wannan na Habasha, bisa siffar da Injiniya ya bayar, ciyawa yake ci a inda babu juji, don haka ya fi kama da na farkon. Amma halaccin nama abu ne daban, ƙarar da halitta abu ne daban. Abin da ya rage kaɗan a duniya, kuma hukumar ƙasarsa ta hana taɓa shi, ba a zuwa a ce ai halal ne.

Kuma ƙasar Bale ba baƙuwarmu ba ce a addini. Musulmi ne da yawa a can, akwai hubbaren Shaihu Husaini da ake kai wa ziyara, da kogon Sof Umar. Habasha kuwa kowa ya san ita ta fara karɓar sahabbai.

Malama Hadiza, Gusau
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Abin mamaki, makahon ɓeran nan na ƙasashen Larabawa da wannan na Bale, masana sun sa su a gida ɗaya, Spalacidae. Shi na Larabawa fata ta rufe idanunsa gaba ɗaya, na Bale kuma ya riƙe nasa don yana leƙowa.

Nas Maryam, Gusau
Tunda an zo maganar ci, bari in sa baki kaɗan. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ɓeran gida da gona mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da shi, ta fitsari da kashinsa, kuma da rani ya fi tashi. Yaran da ke bin ɓeraye bayan an ƙone gona ba sa tantance wanne ne wanne, kama duk abin da ya fito suke yi su feɗe da hannu. Don Allah iyaye a sa ido, a rufe abinci, a daina shanya gari a bakin titi.

Nura, Anka
Sanusi, ka ce wa Baba na ji saƙonsa, kuma ya taɓa ni. Ban canza ra'ayi ba a kan abin da ya kamata ya fi damunmu, ba zan ɓoye ba. Amma kakana ma yana da irin wannan sanin, ya san kowane rami da kowace sawu daga gidanmu har bakin gulbi, ya rasu bara a nan cikin gari ban rubuta ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. In za a tattara na Baba, ina da waya mai ɗaukar murya da kyau, zan zo Gusau ranar da aka sa.

Alhaji Mamman, Bakura
Ni dai gahiyar da ta huda man gaɓa ban yahe mata ba. Amma maganar ciyawa mai duhu bisa tsohon rami, zan duba bana in damana ta sauka, akwai wani rami gabas ga gonata da munka tona shekaran bara. Abin da na gani zan hwaɗa muku, ko ya yi ma Baba daidai ko bai yi ba.

Malama Hadiza, Gusau
Muna jira Alhaji. Sanusi, ko Baba zai yarda ya zo ajina ranar Alhamis da ƙarfe 10? Na yi magana da shugabar makaranta ta amince. Nura, in ka samu dama ka zo da wayar. Injiniya, ka turo mini sauran hotunan, musamman wanda ramukan suka fito sosai.

Sanusi, Kwatarkwashi
Baba ya ce zai zo in Allah ya kai mu, sai dai gwiwarsa ba ta son tafiya, zan kawo shi a keke napep. Ya sa na ciro masa daginsa daga bayan ɗaki, yana goge tsatsar yanzu haka, ya ce yara su gan shi su riƙa. Kuma yana tambayar Injiniya, ƙasar da ɓeran ke toshe ƙofa da ita da la'asar, a dunƙule take kamar an danna da kai, ko a warwatse?

Injiniya Kabiru, Ƙauran Namoda
A dunƙule take Baba, na taɓa ɗaya da yatsa, ta yi tauri kamar an daɓe. Zan nemo hoton in turo wa Sanusi kafin Alhamis.